Na Daina Yarda da Gwamnati da 'Yan Jarida, Shin Akwai Abin da Ya Rage Mini In Yi?

Wani matashi da ya kammala karatun digiri shekaru huɗu da suka wuce ya aiko mini da tambaya. Ya ce ya kai matsayin da ba ya gaskata duk wata sanarwa da ta fito daga bakin gwamnati, ba ya kuma gaskata abin da yake ji a rediyo ko yake karantawa a jarida, domin a ganinsa duk kanwar ja ce. Ya ce bai fita zaɓen 2023 ba duk da yana da katinsa, amma zuciyarsa ba ta kwanta da zaman da yake yi ba. Yana son ya san abin da ya kawo mu wannan hali, da kuma ko akwai wani abin da mutum irinsa, wanda ba shi da kuɗi ba shi da uwa a gindin murhu, zai iya yi.

Ɗan'uwa, na yi shekaru masu yawa a ɗakin labarai na gidan rediyo kafin in koma aikin koya wa ƙungiyoyin unguwanni yadda ake karanta kasafin kuɗi da bin diddigin ayyukan gwamnati, saboda haka tambayarka ta taɓa ɓangarori biyu na rayuwata. Zan fara da gaya maka cewa ba kai kaɗai ba ne, kuma alƙaluman hukumar zaɓe sun isa shaida. A zaɓen shugaban ƙasa na 2003 kimanin kashi 69 cikin ɗari na masu rajista aka ce sun fito, a 2015 adadin ya sauko zuwa wajen kashi 44, a 2019 ya koma kusan kashi 35, sannan a 2023 bai wuce kashi 27 ba. Mutum sama da miliyan 93 ne ke da rajista a wannan shekarar, amma wanda ya lashe zaɓen ya yi nasara da ƙuri'a ƙasa da miliyan tara. Ko da mun yarda cewa akwai aringizo a alƙaluman shekarun baya, wanda na'urar tantance masu zaɓe ta rage, gangarowar ta yi tsawo da yawa a ce duk aikin na'ura ne. Mutane ne suka juya baya.

Ruwa ba ya tsami banza, kuma ba zan yi maka nasihar da wasu ke yi ba, cewa ka kyautata zato kawai domin kishin ƙasa. Yarda aba ce da ake ginawa da maimaita cika alkawari, ana kuma rushe ta da maimaita saɓa shi, kuma talakan Najeriya yana da dogon lissafi a ransa. A watan Afrilun 2014, kwana biyu bayan sace 'yan matan Chibok, rundunar soja ta sanar cewa an kuɓutar da dukansu in ban da takwas, kashegari ta janye maganar bayan shugabar makarantar da iyayen yara sun musanta. A watan Fabrairun 2018 irin haka ta sake faruwa a Dapchi, inda gwamnatin jihar Yobe ta ba da sanarwar an ceto wasu daga cikin 'yan matan, iyaye suka kwana suna murna, daga baya gwamnatin ta fito ta nemi gafara cewa labarin ba gaskiya ba ne. An sha sanar da mutuwar Abubakar Shekau yana sake fitowa a bidiyo, shekaru kafin mutuwar tasa ta tabbata a 2021. Uban da aka taɓa gaya masa an ceto 'yarsa alhali tana daji, da maƙwabcinsa da ya ga hawayensa, ba za su sake sauraron kakakin gwamnati da kunnen da suke saurarensa da shi a da ba, kuma ba ni da bakin da zan zarge su.

Haka lamarin yake a ɓangaren aljihu. A watan Janairun 2012 an ƙara kuɗin litar fetur daga naira 65 zuwa 141 da alkawarin cewa za a zuba rarar a hanyoyi da asibitoci, jama'a suka fito tituna har aka mayar da ita 97. Majalisar wakilai ta kafa kwamitin binciken badaƙalar tallafin man fetur, sai ga shi shugaban kwamitin da kansa kotu ta ɗaure shi daga baya a kan karɓar cin hanci daga ɗaya daga cikin waɗanda ake bincika. A watan Oktoban 2020 mutane suka fasa rumbuna a Jos da Legas da wasu garuruwa, suka tarar da kayan abincin tallafin korona jibge, alhali an yi watanni ana kulle cikin yunwa. A farkon 2023 canjin kuɗi ya sa mutum yana da kuɗinsa a banki amma ya kasa saya wa iyalinsa awo, sai da Kotun Ƙoli ta tsoma baki a watan Maris. Ranar 29 ga Mayu na wannan shekarar aka cire tallafin mai gaba ɗaya, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, daga baya ta haura 1,000. Masana tattalin arziki suna da hujjojinsu a kan cewa tallafin ya zama kafar sata, kuma ni ma na yarda da hakan. Abin da talaka yake tambaya daban ne: ina rarar ta shiga? An daɗe ana ce masa gafara sa, bai ga ƙaho ba.

Akwai wani dalili da ya fi waɗannan zurfi, wanda ba kasafai ake kawo shi ba. Gwamnatin da take rayuwa da harajin jama'arta tilas ta riƙa lallashinsu, domin idan suka ƙi biya ta durƙushe. Tamu kuwa ta shafe shekara hamsin tana rayuwa da kuɗin man fetur da ake rabawa a Abuja kowane wata, inda tarayya ke ɗaukar kashi 52.68, jihohi kashi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma kashi 20.60. Lokacin da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali bayan hawansu mulki a 1979, sun sauke wa talaka wani nauyin zalunci da NEPU ta yi shekaru tana yaƙi da shi, kuma sun yi daidai. Sai dai ba a maye gurbin wannan igiya da wata mai adalci ba, har aka wayi gari talaka yana kallon kuɗin gwamnati a matsayin dukiyar da ba ta da mai ita, mai mulki kuma yana kallon rijiyar burtsatsen da ya haƙa a matsayin kyauta daga aljihunsa, har a rubuta sunansa a jiki a yi masa godiya. Muddin ana ɗaukar aikin gwamnati a matsayin alfarma, babu wanda zai ji yana da hurumin tambayar nawa aka kashe.

Game da mu 'yan jarida kuwa, zan gaya maka abin da na gani da idona. Na yi aiki a gidan da aka taɓa shafe watanni ba a biya albashi ba, kuma na ga wakili mai hazaƙa yana dawowa daga taron manema labarai da ambulan ɗin da ake kira kuɗin mota, wanda da shi zai ciyar da gidansa a wannan makon. Mutumin da ya dogara da kuɗin motar kwamishina ba zai iya yi wa kwamishinan tambayar da za ta hana shi barci ba. Na kuma ga an cire rahoton da muka yi kwanaki muna haɗawa ana saura mintuna kaɗan a karanta labarai, saboda wayar da wani babba ya bugo wa shugaban tashar. Ban taɓa mantawa da fuskar yaron da ya haɗa rahoton ba, domin shi ne ya je ƙauyen, shi ne kuma ya yi wa mutanen alkawarin za a ji kukansu.

Matsalar ta tsari ce kafin ta zama ta halin mutum. Har zuwa 1992, lokacin da aka yi dokar da ta kafa hukumar kula da kafafen watsa labarai ta NBC ta kuma ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi, duk rediyo da talabijin na ƙasar nan mallakar gwamnati ne, kuma har yau yawancin gidajen jihohi ba su wuce amsa-kuwwar gidan gwamnati ba. Shi ya sa iyayenmu suka saba da cewa labari bai tabbata ba sai an ji shi daga Landan, inda sashen Hausa na BBC ke watsa shiri tun 1957, ko daga Jamus ko Amurka. Abin baƙin ciki ne a ce mutum yana Funtuwa sai ya jira wata ƙasa ta gaya masa abin da ya faru a Faskari, kuma jingina ce da ba ta da tabbas, kamar yadda aka gani a watan Maris na 2025 lokacin da sashen Hausa na Muryar Amurka ya yi shiru saboda shawarar da aka yanke a Washington ba tare da an tuntuɓi mai sauraro ko ɗaya ba. Zuwan tashoshi masu zaman kansu, irin su Freedom Radio da aka buɗe a Kano a 2003, ya kawo sauyi na gaske, domin a karon farko talaka ya ji muryarsa a iska yana ƙorafin an cinye filin makarantar unguwarsu, kuma ya ga hukuma ta motsa. Amma tashar kasuwa ma da talla take rayuwa, kuma a arewa manyan masu ba da talla su ne gwamnatoci da 'yan siyasa. Daga nan aka samu shirye-shiryen da ake sayen filinsu sukutum, da sojojin baka waɗanda yau suna yabon wannan gobe suna zaginsa gwargwadon inda abinci ya fito. Mai sauraro ba wawa ba ne, yana lura.

A gefe guda kuma akwai sanda. A 2022 hukumar NBC ta ci tarar gidan talabijin na Trust naira miliyan biyar saboda wani shiri da ya yi a kan 'yan bindigar daji, kafin wata babbar kotun tarayya ta yanke hukunci a 2023 cewa hukumar ba ta da ikon cin tara, tunda ita ba kotu ba ce. An rufe Twitter a ƙasar nan daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. An yi ta amfani da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 wajen kama masu rubutu, har sai da aka yi wa sashen kwaskwarima a 2024. Duk wannan yana faruwa ne a ƙasar da sashe na 22 na kundin tsarin mulkinta ya ɗora wa 'yan jarida nauyin sa ido a kan gwamnati a madadin jama'a.

Yanzu ga inda nake son ka tsaya ka yi tunani, domin a nan ne na saɓa da kai. Ka ce ka daina yarda da kowa, amma a iya sanina babu ɗan Adam ɗin da ke rayuwa ba tare da ya yarda da wani ba. Yardar ba ta mutu ba, ƙaura ta yi. Ta bar gidan rediyo ta koma saƙon murya na WhatsApp da ba a san wanda ya naɗa ba, ta koma shafin wani matashi a Facebook ko TikTok wanda ɗan siyasa ke saya masa data. Ɗan jarida komai lalacewarsa yana da suna da ofis da edita, ana iya kai shi kotu. Mai saƙon murya ba shi da ko ɗaya. Ka tuna daren watan Agustan 2014 da aka tashi mutane da waya ana cewa su yi wanka da ruwan gishiri su kuma sha domin kariya daga cutar Ebola, har aka rasa rayuka wasu kuma suka kwanta asibiti. Ka tuna yadda labarin cewa Shugaba Buhari ya rasu an kawo wani Jibrin daga Sudan ya yaɗu, har sai da shi kansa ya fito a ƙasar Poland a watan Disambar 2018 ya ce shi ne da kansa. Waɗanda suka gaskata waɗannan su ne dai mutanen da ke alfaharin cewa gwamnati ba ta isa ta yaudare su ba.

Akwai bambanci tsakanin zargin da ke sa mutum ya tashi ya bincika da yanke ƙaunar da ke sa shi ya naɗe hannu. Na farkon shi ne abin da ɓarawon gwamnati ke tsoro. Na biyun kuwa shi ne babban abin da yake fata, domin idan kowa ya yarda cewa duk ɗaya ne, to babu ribar da mai gaskiya zai samu a kan gaskiyarsa, babu kuma asarar da maci amana zai yi. Ƙuri'ar da ka ajiye a gida ba ta hukunta kowa ba, sai ma ta rage yawan mutanen da ɗan takara yake buƙatar ya raba wa taliya da atamfa kafin ya ci.

Misalin da ya fi koya mini yadda yarda ke mutuwa da yadda take farfaɗowa shi ne na allurar shan inna. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a Kano a wani gwaji da ya shafi yara kusan 200, inda goma sha ɗaya suka rasu wasu kuma suka nakasa. Iyaye sun ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, kamfanin ya musanta laifi, daga ƙarshe aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Da wannan tabo a zuciya, lokacin da jita-jita ta ɓulla a 2003 cewa an sa maganin hana haihuwa a ɗigon shan inna, ta samu ƙasa mai danshi. Jihar Kano ta dakatar da rigakafin kusan shekara guda, cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita, yara da yawa suka shanye har abada. Jita-jitar ƙarya ce, amma tambayar da iyaye ke yi a ƙofar gida gaskiya ce: me ya sa ake bin mu gida-gida da wannan kyauta, alhali idan yaro yana zazzaɓi muka je asibiti ko farasitamol sai mun saya?

Abin lura shi ne yadda aka warware ta. Sanarwar rediyo ba ta yi ba, barazana ma ba ta yi ba. Sai da aka bar mutanen jihar suka tura nasu masana suka duba maganin, aka kuma samo shi daga Indonesiya, kafin a dawo da rigakafin a watan Yulin 2004. Daga baya Sarkin Musulmi da sarakunan arewa suka rungumi aikin, masu unguwanni suka shiga gaba, aka ɗauki matan unguwa waɗanda kowa ya san gidansu su zama masu wayar da kai, waɗanda cutar ta nakasa suka riƙa bin tawagar suna nuna wa iyaye ƙafafunsu, aka kuma fara kafa sansanonin da ake duba wasu cututtukan a ba da magani kyauta. An ga mai ɗauke da asalin ƙwayar cutar na ƙarshe a Borno a 2016, aka kuma ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ita a watan Agustan 2020. Yarda ta dawo ne lokacin da aka ba mutane damar su gani da idonsu, ta hannun waɗanda suka sani, aka kuma amsa ainihin ƙorafinsu. Wannan shi ne ma'aunin da nake ba ka shawarar ka ɗauka: kada ka jira ranar da za ka ji zuciyarka ta amince da gwamnati, ka nemi wurin da za ka iya dubawa da kanka.

Wurin kuwa yana kusa da kai fiye da yadda kake zato. Yawancin matasanmu sun san sunayen ministoci da rigingimun majalisar dattawa, amma ba su san sunan kansilan mazaɓarsu ba, ba su kuma san nawa ƙaramar hukumarsu ta samu a watan jiya ba, alhali ana wallafa rabon kowace ƙaramar hukuma a shafin ofishin babban akanta na ƙasa da na hukumar ƙididdiga. Ka fara da wannan. Ka zaɓi abu guda, makarantar firamaren unguwarku ko asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarku ko wata kwalbati da aka ce an ba da kwangilarta, ka ce wannan zan bi har shekara. Kusan kowace makarantar gwamnati tana da kwamitin al'umma na kula da makaranta a rubuce, kowace mazaɓa kuma ana son ta kasance da kwamitin raya mazaɓa mai sa ido a kan asibiti. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko, kuma wani kaso nasa yana shiga kai tsaye asusun asibitocin da aka zaɓa a mazaɓu. A wurare da yawa waɗannan kwamitoci sun mutu ne kawai saboda babu mai zuwa zama, ko kuma an cika su da 'yan amshin shata. Matashi mai digiri wanda ya iya karanta takardar banki, idan ya shiga irin wannan kwamiti da ladabi da naci, yana iya sauya yadda ake kashe kuɗin cikin wata shida.

Makaminka na biyu shi ne takarda. Dokar 'yancin samun bayanai, wadda aka sa wa hannu a watan Mayun 2011, ta ba kowane ɗan ƙasa ikon ya rubuta wa ma'aikata ko hukuma ya nemi bayani, ba tare da ya faɗi dalilinsa ba, kuma wajibi ne a amsa masa cikin kwana bakwai, in ban da abubuwan da dokar ta keɓe kamar sirrin tsaro. Idan aka hana shi yana da kwana talatin ya garzaya kotu. Jihohi sun daɗe suna fakewa da cewa dokar ta tarayya ce ba ta hau kansu ba, sai a watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a wata shari'a da ta taso daga jihar Edo, cewa ta shafi kowane matakin gwamnati. Ka rubuta gajeriyar wasiƙa mai tambaya ƙwaya ɗaya tak, misali sunan ɗan kwangilar da aka ba gyaran aji uku na makaranta kaza, da kuɗin da aka amince, da abin da aka biya zuwa yau. Ka kai kwafi biyu, ka tabbatar an buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a naka. Ba na yi maka alkawarin za a amsa, domin sau da yawa shiru za ka ji. Amma na sha ganin yadda takarda mai hatimi, wadda dattawan unguwa goma suka sa wa hannu aka kuma kai kwafinta gidan rediyo, take dawo da ɗan kwangila bakin aiki, abin da zagin shekara guda a Facebook bai yi ba.

Kada ka ɗauka wannan tatsuniya ce. A 2010 aka gano gubar dalma daga haƙar zinariya tana kashe yara a ƙauyukan Zamfara, sama da 400 suka rasu. An tsabtace wasu ƙauyukan aka bar Bagega a ƙaramar hukumar Anka, inda likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka ce ba za su iya fara yi wa yara magani ba sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasar. Gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850 a 2012, kuɗin suka maƙale. Wasu matasa ƙalilan, cikinsu har da Hamzat Lawal, suka je garin suka ɗauko hotuna da muryoyin iyaye, suka haɗa kai da ƙungiyoyi da 'yan jarida da wasu 'yan majalisa, suna maimaita tambaya ɗaya, har aka saki kuɗin a farkon 2013, suka kuma ci gaba da bibiya har aka yi aikin. Daga nan shirin Follow The Money ya samo asali. Ƙungiyar BudgIT ma tana da shirin Tracka da ke wallafa ayyukan mazaɓu da aka sa a kasafi, waɗanda aka daɗe ana ware musu naira biliyan 100 a shekara, kuma hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC tana bin irin waɗannan ayyuka tun 2019 tana karɓar ƙorafi daga jama'a. Ka duba abin da aka rubuta da sunan garinku, sannan ka taka ka je ka ga ko yana nan.

Zancen zaɓe kuwa, na san raunin da 2023 ya bari, musamman yadda aka yi alkawarin ɗora sakamakon kowace rumfa a intanet nan take, sai na shugaban ƙasa ya ƙi hawa a ranar. Duk da haka rumfar zaɓe ita ce wurin da maguɗi ya fi wahala idan mutane suna tsaye, domin doka ta ce a ƙirga a gaban jama'a a kuma manna sakamakon. Tsohon taken nan na a kasa, a tsare, a raka bai tsufa ba, kuma yau kowa yana da kyamara a aljihunsa. Abin da ya fi damuna shi ne zaɓen ƙananan hukumomi, inda jam'iyyar gwamna ke lashe komai. A Kano APC ta cinye kujeru 44 duka a 2021, NNPP ta cinye su duka a 2024, wanda ke nuna cewa cutar ba ta jam'iyya ɗaya ba ce. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomi, amma aiwatarwar tana tafiyar hawainiya, kuma ba za ta yi sauri ba idan mutanen da abin ya shafa ba su riƙa tambaya ba. Idan kana da sha'awar siyasa, ka sani ainihin zaɓen yana faruwa ne a taron jam'iyya na mazaɓa inda ake fitar da wakilai, kuma tun gyaran 2018 ɗan shekara 25 yana iya tsayawa takarar majalisar jiha ko ta wakilai. Kiranye kuwa, duk da yana cikin tsarin mulki, yana buƙatar sa hannun fiye da rabin masu rajista a mazaɓa, kuma har yau ba a taɓa cire ɗan majalisar tarayya ta wannan hanya ba, saboda haka ba zan ce ka zuba ƙarfinka a can ba.

Zanga-zanga haƙƙi ce, kuma ta 2012 ta nuna tana iya tilasta wa gwamnati ja da baya. Amma abin da ya faru a zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agustan 2024, inda aka rasa rayuka, ɓata-gari suka fasa dukiyar jama'a a Kano, daga baya aka kuma gurfanar da yara ƙanana a kotu a Abuja suna faɗuwa don yunwa kafin a sake su, ya isa ya nuna cewa fita titi ba tare da shugabanci sananne da buƙata takamaimiya ba, talaka ne ke biyan kuɗinta.

A ɓangaren labarai, abin da nake roƙonka shi ne ka sauya tambayar da kake yi. Maimakon ka ce wace kafa ce mai gaskiya, ka riƙa tambayar kowane labari: wa ya faɗa, shi ya gani ko gaya masa aka yi, yaushe abin ya faru, kuma wa zai amfana idan na yarda? Umarnin da ke cikin Suratul Hujurati na a bincika labari kafin a yi aiki da shi ya hau kan mai tura saƙo a waya kamar yadda ya hau kan edita. Ka riƙa jin labari ɗaya daga kafa biyu ko uku da ba mai gida ɗaya ne da su ba, ka bambanta labarai da shirin da aka saya, ka kuma lura da kafar da take fitowa ta ce ta yi kuskure, domin wannan alama ce ta mutunci. Akwai masu aikin tantance labarai irin su Dubawa da Africa Check, kuma hoton da aka ce na harin jiya ne kana iya bincika shi a Google ka ga ko na wata ƙasa ne na shekarun baya. Idan kuma ka ga ɗan jaridar da ya yi aikin kirki, ka kira shirinsa, ka ba shi bayanin da ka tattara, ka tsaya masa ranar da aka taso shi, domin wakilin da ya san akwai jama'a a bayansa ya fi iya mayar da ambulan.

Ka kiyaye abu biyu idan ka fara. Kada ka yi shi kai kaɗai, ka nemi mutum biyar ko shida da suka haɗa da dattijo da malami da mace, ku kuma sanar da mai unguwa tun farko, domin a ƙasarmu wanda ya tsallake manya ko da gaskiyarsa sai a mayar da maganar ta rashin kunya. Sannan kada ka kira kowa ɓarawo a bainar jama'a, ka tsaya a kan abin da takarda ta ce da abin da ido ya gani: an ware naira kaza domin rufin aji uku, ga hoton ajin a yau, muna neman bayani. Za a yi ƙoƙarin a ce wani ɗan adawa ne ya turo ku, wani kuma zai zo da tayin ɗan abin sayen data, kuma ranar da ɗayanku ya karɓa aikin ya mutu. Ku buɗe littafi guda ku riƙa rubuta ranar kowace ziyara da sunan ofishin da kuka je da amsar da aka ba ku, ku ajiye kwafin kowace takarda a wuri biyu. Idan wata uku suka cika ba a amsa wasiƙarku ta farko ba, ku rubuta ta biyu ku ambaci lamba da ranar ta farkon, ku aika kwafi ga hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafen jama'a da kuma ɗan majalisar jiha mai wakiltarku.